Ranar da wani dattijo ya sace mana iskar taya: tarihin tuƙi a kan rairayi

Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta ishe su sauraro ba, da kuma waɗanda dama sun fi jin daɗin karatu.

Yau tarihi za mu taɓa, tarihin iskar da ke cikin taya. Na san wani zai ce, "Kai kuma, duk abin da ke damun duniya ba ka ga na magana ba sai iskar taya?" Ku yi haƙuri ku biyo ni. Wannan 'yar maganar ta shiga yaƙin duniya, ta shiga tseren motoci, kuma har gobe akwai wuraren da rayuwar mutum ke rataye a kanta.

Bari in fara da abin da ya same ni.

Lokacin da nake bautar ƙasa a Legas, wata Asabar muka haɗa kuɗi mu shida za mu je bakin teku can gefen Ibeju-Lekki. Wani abokinmu ya aro motar yayansa, a-kori-kura mai ja da ƙafa huɗu. Da muka isa sai ya ce ai irin wannan mota ba a ajiye ta a bakin titi kamar tasi, har gaban ruwa za mu shiga. Muka ce to. Ba mu yi tafiyar mita ɗari ba mota ta fara nishi, sai ta tsaya cak. Ya taka totur, tayoyi suka yi ta watso yashi suna tona wa kansu rami. Ya ƙara takawa, ta ƙara nutsewa, har cikinta ya zauna a ƙasa. Muka sauka muka tura, a banza. Can sai wani daga cikinmu ya lura cewa inda muka ajiye takalmanmu ɗazu, ruwa ya kai wurin. Teku ta fara cikowa. Motar aro ce fa, kuma kuɗinta ya fi alawus ɗinmu na shekara mu duka shida a haɗe.

Muna cikin wannan hali sai ga wani dattijo da rawani, mai gadin wani fili da ke kusa, ya tako a hankali kamar ba abin da ke faruwa.

"Yara, ku kashe motar nan."

"Baba, ruwa fa yana zuwa."

"Na gan shi tun kafin ku gan shi. Wa ke da ashana?"

Ya tsuguna a gaban taya, ya cire murfin bawul, ya danna tsinken ashana, iska ta fara fita tana shiii. Mai aron mota ya ɗora hannu a ka, ya ce, "Baba, mota ta kafe kuma za ka sace mana taya?" Dattijon ko kallonsa bai yi ba. Ya bi tayoyin huɗu ɗaya bayan ɗaya, yana duban yadda gefen kowace ke yin tumbi. Ya sa muka yashe yashin da ke bayan tayoyi da ƙarƙashin mota da hannuwanmu. Sannan ya ce wa direbanmu, "Ɗana, ka miƙe sitiyari, ka sa ribas, ka bi sawunka. Totur kaɗan kaɗan, kamar kana taka ƙwai." Wallahi motar nan ta fito kamar da ma ba ita ta kafe ba.

Da muka tambaye shi inda ya koyi wannan, sai ya yi dariya ya ce shi mutumin Agadas ne, kuma da ƙuruciyarsa yaron mota ne a hanyar Bilma. Ya ce yashin bakin teku da na hamada duk uwarsu ɗaya. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Mu shida da digirinmu, ashana ɗaya ta fi mu.

Tun daga ranar nake bin diddigin wannan dabara. To mene ne sirrin?

Lissafin ba shi da wuya. Iskar da ke cikin taya ita ke ɗauke da mota. Ku ɗauki mota mai nauyin tan 2, kowace taya tana ɗauke da kilo 500. Idan mai faci ya sa maka iska 35 a gejinsa, wato kamar kilo 2.4 a kan kowane murabba'in santimita, to wurin da tayar ke taɓa ƙasa bai wuce murabba'in santimita 200 da 'yan kai ba, kamar faɗin tafin hannun babban mutum. Idan ka rage iskar zuwa 18, kusan rabi ke nan, sai wurin ya kusa ninkawa. Nauyin motar bai canja ba, amma an baje shi a kan wuri mai yawa. Ba lallai lissafin ya fito daidai haka a zahiri ba, don gefen taya ma yana da nasa tauri, amma hanyar ke nan. Kuma ku lura, sawun tayar tsawo ya fi ƙarawa, ba faɗi ba. Taya mai tauri tana nutsewa, sai ta tara tudun yashi a gabanta, kullum tana ƙoƙarin hawa tudun da ita ta tara. Mai laushi kuwa tana shimfiɗuwa ta bi ta sama. Duk wanda ya taɓa kallon ƙafar raƙumi lokacin da ya taka rairayi ya ga wannan. Tafin yana bajewa in nauyi ya hau, ya tattaru in ya ɗaga. Ku kwatanta da kofaton jaki.

Yanzu mu koma baya.

Taya mai iska, wani ɗan Sikotland mai suna Robert William Thomson ne ya fara yi mata rajista a 1845, amma ba ta karɓu ba. Sai a 1888 John Boyd Dunlop, likitan dabbobi a Belfast, ya sake ƙirƙiro ta saboda keken ɗansa. A 1895 'yan'uwan nan Michelin na Faransa suka sa ta a mota suka shiga tseren Paris zuwa Bordeaux. Tayoyin wancan zamani sirara ne, iskarsu kuma da yawa ƙwarai, sun fi kama da na keke. A kan busasshen yashi yanka ƙasa kawai suke yi kamar wuƙa.

Abin mamaki, duk da haka bakin teku na cikin wuraren da mota ta fara nuna gudunta. A jihar Florida ta Amurka, gaɓar Ormond da Daytona tana da yashi mai laushin ƙwaya wanda in teku ta janye yake daskarewa ya yi tauri kamar daɓe. A lokacin da hanyoyi ba su da kyau, nan ne titi mafi santsi kuma mafi miƙewa. Tun 1903 aka fara gwada gudu a wurin. A 1927 Bature Henry Segrave ya zama mutum na farko da ya wuce mil 200 a awa a mota, a kan wannan yashi. A watan Maris na 1935 Malcolm Campbell ya kai mil 276, wato kusan kilomita 445 a awa. Gasar NASCAR da ake ji a Amurka, a garin Daytona aka kafa ta a 1948, kuma sun yi ta tsere rabi a yashi rabi a kwalta har 1958.

A nan akwai darasin da mu muka jahilta a Legas. Bakin teku yashi biyu ne. Akwai jiƙaƙƙe na kusa da ruwa, mai tauri, wanda ke ɗaukar mota. Akwai busasshe na sama, wanda rana ta gasa, mai cinye taya. Kafin ka kai ga mai taurin dole ka ratsa mai laushin. In kuma ka kai, ka shiga gonar teku, ita ke da lokacinta.

Matsalar busasshen yashi kuwa, a Sahara aka yi fama da ita. Faransawa suna son haɗa Aljeriya da yankunan da suka mallake a Afirka ta Yamma da mota. Dabarar farko ita ce a guje wa taya. A watan Disamba na 1922 kamfanin Citroën ya tura motoci biyar masu taya a gaba da sarƙar roba a baya, kamar ƙananan tankoki, suka tashi daga Tugurt suka isa Tambutu a farkon Janairun 1923. Bayan haka, a tafiyar da suka fara a 1924 da motoci takwas, irin waɗannan motoci sun bi ta Yamai, Tasawa da Damagaram kafin su kai tafkin Chadi. Ke nan kakannin wasu daga cikin masu karanta wannan rubutu sun gan su da idonsu. Shi kuma kamfanin Renault sai ya bi wata hanyar, ya ƙera mota mai ƙafa shida, kowace ƙafa da taya biyu, tayoyi goma sha biyu ke nan. Tunanin dai ɗaya ne: a baje nauyi.

Sunan da aka fi dangantawa da sace iska kuwa shi ne Ralph Bagnold, hafsan sojan Ingila da aka tura Masar a tsakiyar shekarun 1920. Shi da abokansa sukan ɗauki hutu su shiga hamada da ƙananan motocin Ford na yau da kullum. A wancan lokacin an yi ittifaƙi cewa mota ba za ta iya shiga babban tekun rairayin da ke tsakanin Masar da Libiya ba. Daga 1929 suka fara shiga. Abin da suka haɗa shi ne mota marar nauyi, rage iskar taya, tunkarar tudun rairayi kai tsaye da gudu ba a karkace ba, da wasu dogayen farantan ƙarfe da suke shimfiɗa wa taya in ta kafe. Sun kuma haɗa bututu daga lagireto zuwa wani gwangwani don tururin ruwa kada ya salwanta, kuma Bagnold ya ƙera kamfas mai aiki da inuwar rana, saboda ƙarfen mota yana rikita kamfas na maganaɗisu. Ya rubuta labarin tafiye-tafiyen a littafinsa na 1935, sannan a 1941 ya fitar da wani a kan kimiyyar yadda iska ke tafiyar da yashi, wanda har yau masana ke amfani da shi. Hukumar NASA ma ta sa wa wasu tuddan rairayi a duniyar Mars sunansa.

Da yaƙin duniya na biyu ya zo, abin da ya fara a matsayin yawon hutu ya koma makami. A 1940 Bagnold ya kafa rundunar sintirin hamada da aka sani da LRDG, farkon sojojinta 'yan New Zealand ne, da motocin Chevrolet. A watan Janairun 1941, bayan sun taso tun daga Alƙahira, suka haɗu da wasu sojojin Faransa da suka fito daga Chadi, suka kai wa Italiyawa hari a Murzuk, kudancin Libiya, ta inda ba wanda ya zaci mota za ta ɓullo. A irin wannan tafiya, a sace iska a rairayi, a mayar da ita da famfo in an fito kan duwatsu, aikin kullum ne, wani lokaci sau da yawa a yini.

To wannan wahalar ta sauka a sace, a sauka a buga, ita ce ta kai mu ga babi na gaba, kuma a bakin teku aka rubuta shi. Amurkawa suna da matsala: yaya za a sauke kaya da sojoji daga jirgin ruwa zuwa tudu a inda babu tashar jirgi? A 1942 suka ƙera wata mota da ake kira DUKW, sojoji suna ce mata agwagwa. Babbar motar GMC ce mai ƙafa shida aka yi mata jikin kwale-kwale da farfela. Tana iyo daga jirgi, ta hau gaɓa, ta wuce kan hanya, ɗauke da kaya kimanin tan biyu da rabi ko sojoji 25. Amma ku duba: tana fitowa daga ruwa yashi mai laushi za ta taka, tana buƙatar iska kaɗan. Tana hawa hanya kuma tana buƙatar iska da yawa. Kuma ba wanda zai tsuguna da tsinken ashana ana ruwan harsashi. Sai injiniyoyi suka haɗa kowace taya da bututu zuwa injin buga iska, yadda direba zai rage ko ya ƙara daga kujerarsa, mota tana tafiya. Ita ce mota ta farko da aka yi wa wannan tsari. An yi amfani da ita sosai a saukar Sisili a 1943 da ta Normandi a 1944, kuma an ƙera sama da 21,000 kafin yaƙi ya ƙare. Yau za ku sami wannan tsari a motocin soja, manyan taraktocin noma da motocin ɗaukar katako. Abin da dattijon nan ya yi mana da ashana, shi ne aka mayar maɓalli.

Bayan yaƙi sai dabarar ta koma hannun farar hula. Tseren Paris zuwa Dakar, wanda Thierry Sabine ya fara a ƙarshen Disamban 1978, ya bi ta Agadas da Yamai, kuma shekara da shekaru hamadar Tenere ce zuciyarsa. A wancan zamanin kuma, zangonsa na ƙarshe a kan gaɓar teku ake yinsa, a nufi Jan Tafki kusa da Dakar. A Muritaniya, kafin a gama kwaltar Nuwadibu zuwa Nuwakshot a tsakiyar shekarun 2000, ƙarshen hanyar bakin teku ne, direbobi sukan zauna su jira ruwa ya janye sannan su wuce tsakanin tuddan rairayi da igiyar ruwa. Wanda ya yi kuskuren lokaci, teku ta ci motarsa. A Amurka kuwa, a gaɓar Cape Hatteras, hukumar da ke kula da wurin tana ba da lasisin shiga da mota, tana shawartar a rage iska zuwa 20 ko ƙasa, kuma tana rufe wasu sassa lokacin da kunkurun teku da tsuntsaye ke ƙwai a cikin yashi.

Ga inda abin ya fi taɓa ni. Littattafai sun riƙe sunan Bagnold da Citroën da Sabine, kuma sun cancanta. Amma Turawan da suka ratsa Sahara, mafi yawansu da jagora suka ratsa, mutanen da suka san rijiya da launin yashi tun zamanin ayarin gishiri. Bayan sun tafi kuma, waɗanda suka ci gaba da bin hanyar Agadas, Dirku, Bilma da Sabha kowane mako, direbobi ne da yaran mota Abzinawa, Tubawa, Larabawa da Hausawa. Su suka san da sassafe yashi ya fi ɗaukar mota saboda sanyi da raɓa, da tsakar rana kuma ya fi cin taya. Su suka san iskar da ta dace da mota mai lodi har sama. Wannan ilimi a ka yake, daga maigida zuwa yaronsa, ba a rubuce ba. Kuma a can, tsayawar mota ba abin dariya ba ne irin namu na Legas. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara daga kudancin Nijar. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta kashe su. Allah ya jiƙansu. Ba iskar taya ce ta jawo wannan ba, amma ya ishe mu gane abin da ake nufi da mota ta tsaya a cikin rairayi.

Kafin in rufe, ga abin da ya kamata mai shiga yashi da mota ya riƙe, ko a bakin teku ne ko a hanyar ƙauye mai rairayi.

Ka rage iskar tun kana kan ƙasa mai tauri, kada ka jira sai ka kafe. Ga motocin da aka saba gani masu ja da ƙafa huɗu, tsakanin 15 da 20 ake yawan sawa, duka tayoyin huɗu. Ka yi da geji, domin dattijon nan shekaru ne suka zama gejinsa, kai ba ka da su. In ka yi ƙasa da haka sosai, bakin tayar zai iya ɓallewa daga wili, musamman in ka karya kwana da ƙarfi, iskar ta fice gaba ɗaya. Saboda haka kwana a hankali, birki a hankali, gudu kaɗan amma kada ka yanke shi. In ka ji tayoyi sun fara juyawa a wuri ɗaya, ɗaga ƙafarka nan take, duk totur ɗin da ka ƙara rami kake ƙara wa kanka. Ka riƙe shebur, igiyar ja, katako na ɗora jak, da famfo. Ka tambayi masunta ko mutanen wurin yaushe ruwa ke cikowa, don a mafi yawan gaɓoɓi sau biyu yake yi a kwana ɗaya. Kuma ka tuna akwai yara masu wasa da mutane a kwance a wurin.

Na ƙarshe shi ne wanda aka fi mantawa: in ka fito, ka mayar da iskarka. Taya mai ƙarancin iska a kan kwalta tana lanƙwasa tana miƙewa a kowane juyi, ta yi zafi, in ka sa gudu ta fashe. Dattijon nan sai da ya riƙe ƙofar motarmu ya maimaita mana wannan sau biyu. Haka muka lallaɓa kamar masu rakiyar amarya har wurin mai faci na farko. Mun ba shi kuɗi ya ƙi karɓa, da ƙyar ya yarda muka saya masa shayi da burodi.

Yayan abokinmu har yau bai san abin da ya faru da motarsa ba, in kuma yana karanta wannan, Yaya a yi haƙuri, ƙuruciya ce.

Idan a gidanku ko unguwarku akwai tsohon direba ko yaron mota da ya taɓa bin hanyar hamada, don Allah ku zauna da shi, ku kunna rikoda a wayarku, ku tambaye shi yadda suke yi. Ku turo mana, za mu sa a shiri na gaba in ya amince. Sai mun haɗu mako mai zuwa in Allah ya kai mu.